Kifin Tabkin Kurna da Mashayar Bube

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan sallar asuba

Wannan kaye, littafin rubutun nan, Misbahu ne ya ba ni, ma'aikacin furoje, wato shirin kiwon kifi, da ke zuwa mana daga Mayahi a kan moto. Ya ce tunda ni Biba na taɓa koyar da yaƙi da jahilci, kuma ni ce mai daka wa kifin ƙungiya abinci, to kowace safiya in tsaya bakin Tabkin Kurna in rubuta launin ruwa da yadda suka ci. Wata uku ke nan ina rubuta abu guda: kore, sun ci. Kore, sun ci. Har bik ɗin da nake rubutu da shi ya san hanya da kansa.

Yau ruwa kore ne, amma ba su ci ba. Karfasa sun taso sama, ciki fari fat, sun jeru a gaɓar yamma daidai inda nake watsa abinci. Na ƙirga har saba'in sannan na bari. Tarwada ba su mutu ba tukuna, suna ta juyawa a sama baki buɗe, ko na taɓa su da kara ba su gudu.

Na dawo gida na wanke hannuna da toka sau uku.

Alhamis, bayan azahar

Duk gari ya kwashe ya tafi kallo. Yaya Danda, wanda shi ne farzidan, wato shugaban komiten tabki, ya tsaya ƙarƙashin kurna yana salati yana tafa hannu. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, a gidansa nake zaune tun da maigidana ya rasu. Bai dubi inda nake ba, ni ma ban dubi inda yake ba.

Ƙarƙashin wannan kurnar muka yi alkawari da damina, lokacin da aka zo da 'ya'yan kifi cikin bido, manyan jarkokin nan, aka sake su. Kowa sai da ya bar wani abu nasa. Mu mata muka daina wanki da sabulu a tabki. Masu tace ruwa da gidan sauro, su kwashe kifi har da masu kamar yatsa, suka rantse sun bari. Masu jardan, wato lambu, suka yarda su ɗebi ruwa da guga, ba da inji ba. Bube da mutanen rugarsa su suka fi kowa bari: gaɓa uku suka janye shanunsu daga gare su, suka tsaya a mashaya guda ta gabas. Kuma kowane mako Bube na kawo buhun kashin shanu a jefa cikin ruwa, don shi ke sa ya yi kore kifi su sami abin tsinta. Aka ce ba mai taɓa kifi sai ranar su, wato kamun gayya, guda ɗaya, in sanyi ya kusa fita, a raba har gidan da ba shi da kowa.

Yau na ga masu rantsuwar nan cikin ruwa har gwiwa, suna cusa mataccen kifi a aljihun riga. Wani dattijo, ba zan rubuta sunansa ba, a hularsa ya zuba. Ƙyama ta kama ni har na tofar da yawu.

Juma'a, 8 ga wata, hantsi

Tarwada ma sun fara.

Juma'a, la'asar

Na Allah mai banda ya kafa tukuba biyu a bayan gidansa. Da amalanke ya kwaso su, har waɗanda ciki ya kumbura fata ta fara saluɓewa. Na ce masa ya ji tsoron Allah, bai san abin da ya kashe su ba. Ya yi dariya ya ce wuta tana kashe kome, kuma mutanen kasuwar Gidan Amumune ba su tambayar kifi yadda ya mutu. Na ce to 'ya'yansa za su ci? Sai ya ce shi gidansa ba su faye son kifi ba.

Hayaƙin ya cika unguwa. Na ƙi cin tuwon rana, Munira matar Yaya tana ta tambaya ko zazzaɓi ne.

Asabar, 9 ga wata, bayan magariba

An sami mai laifi. Sauri kuwa aka yi.

Wai an ga Bube yana wanke shanunsa da maganin kaska a bakin mashaya. Wa ya gani? An ce. Wa ya ce? An dai ce. Na bi maganar gida uku kamar mai neman akuya, kowa ya tura ni gaba, daga ƙarshe ta tsaya a ƙofar masallaci, a bakin da na sani.

Komite ya zauna ba tare da Bube ba, alhali shi ma ɗan komite ne. Sun yanke cewa shanun ruga ba za su ƙara shan ruwan tabki ba har ranar Asabar talatin ga wata. Ran nan za a yi babban taro gaban maigari da Misbahu, a yanke ko za a rufe mashayar gabas da giriyaji, shingen waya ke nan, gaba ɗaya. In an rufe, ruga ta tashi ke nan, don ba wanda zai zauna da shanu sittin inda ba ruwa. Kakan Bube a nan aka binne shi, tun kafin a haifi wasu masu yanke hukuncin.

Lahadi, 10 ga wata, asuba

Wari.

Lahadi, azahar

Munira ta tambaye ni me ya sa na kife babban turmi a bayan ɗaki. Na ce ya tsage. Ta je ta duba ta ce ita ba ta ga tsaga ba. Na ce to idonta ya fi nawa, amma kada kowa ya daka hatsi a ciki. Ta ce ai shi ke nan, gidan nan kome ya rikice, kajinta biyu ma sun mutu ranar Laraba ba ciwo ba kome, nan kusa da inda nake daka.

Na ce Allah ya mayar da alheri. Na sake wanke hannu.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Misbahu ya zo. Ya tsaya a bakin tabki, fuskarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Mutumin kirki ne, shi ya yi ta zirga-zirga har aka saka garinmu cikin furoje. Ya ɗebi ruwa a kwalba, ya naɗe kifi biyu a leda. Ya ce abu da yawa na iya kashe kifi: ruwa in ya ja baya iska ta yi masa kaɗan, ko ciwo, ko wani magani da ya shiga. Ya ce maganin kaska na iya yi, amma shi abin da ya ɗaure masa kai, matattun a yamma suka taru, mashaya kuwa tana gabas. Yaya ya yi wuf ya ce iska ce ta koro su.

Sannan ya juyo gare ni, ya karɓi kayen nan ya duba shafukan farko kawai.

"Bon, Inna Biba, ba ki canza masu abinci ba ko?"

Na ce dusar hatsi da ƙuli-ƙuli, kamar kullum.

Ba ƙarya na yi ba, akwai dusa, akwai ƙuli-ƙuli. Haka na yi ta gaya wa kaina har gida, kuma ban yarda da kaina ba ko sau ɗaya. Ashe mutum na iya jin ƙyamar bakinsa.

Laraba, 13 ga wata, hantsi

Ruwa ya koma ruwan ƙasa. Ba na watsa kome. Akwai sauran masu rai can tsakiya, ina ganin motsinsu.

Alhamis, 14 ga wata, bayan la'asar

Na gamu da Bube a hanyar gona yana dawowa da shanu. Tun ranar Lahadi rijiyar makiyaya ta arewa yake kai su, tafiyar awa biyu zuwa, awa biyu dawowa, cikin rairayi. Rijiyar gaba talatin da wani abu ce, kuma layi ake yi. Shi da ƙanensa ke jan guga, sa guda ke taimaka musu. Tafin hannunsa ya tsattsage, ya ɗaure da tsumma.

Ya gaishe ni yadda ya saba, Malama yake ce mini, don ni na koya wa matarsa rubuta sunanta. Ya tambayi gida, ya tambayi Yaya. Ya ce shi bai wanke shanu da magani ba tun farkon kaka, kuma ko ran nan a ruga ya yi. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki, yaya za a yi ya zuba guba a ruwan da shanunsa ke sha? Bai ɗaga murya ba. Ya ce Allah na nan.

Farar saniyarsa mai ciki tana can baya, tana tafiya tana tsayawa.

Na ce masa Allah ya bayyana gaskiya. Ni na faɗi haka, da bakin nan nawa. Tir.

Juma'a, 15 ga wata, hantsi

Matar Bube ta kawo mini nono kamar yadda take yi. Rabin ƙwarya ne, ta ba ni haƙuri wai shanun ba su da ruwan nono yanzu. Haƙuri ta ba ni. Na karɓa, na yi godiya, na ba Munira ta yi fura. Ban iya sha ba.

Asabar, 16 ga wata, azahar

Yau Iya nake tunawa, Allah ya ji ƙanta. A shekarar yunwa ta raine mu, ni da Yaya. In ƙwayar hatsi ta faɗi ƙasa sai ka tsugunna ka tsince ta, ka sumbace ta, ka mayar. Tuwon da ya yi tsami a shanya shi, ƙanzo a jiƙa shi, ruwan wankin ƙwarya a ba akuya. A gidanmu zubar da abinci ya fi zagin uwa muni. Yaya ya ɗauki wannan fiye da ni. Har yau, da furfurarsa da rumbunsa uku, in ya ga ƙwayar wake a hanya sai ya sa aljihu. Mutane na yabonsa a kan haka, ni ma na sha yabonsa.

Waken bara buhu biyu ya rage masa. Ƙwari suka huda shi har ba ya yin iri. Maimakon ya haƙura, sai ya sayo maganin nan na kwalba da ake ce wa piya-piya, ya juye kwalba guda cur a ciki ya ɗaure baki. Da aka buɗe muka dafa, ko kare bai kusanci tukunyar ba. Ya kai wa mai sayen wake a Gidan Amumune, mutumin ya sa hanci sau ɗaya ya ce a fitar masa da shi daga shago. Ya dawo da buhunan a amalanke, ya kwana biyu yana zagaya su kamar mai jinya.

Ranar Talata biyar ga wata ya kira ni ya ce ai kifi ba mutum ba ne, kuma ruwa na wanke kome.

Sauran ba zan rubuta ba. Ga turmi can a kife.

Lahadi, 17 ga wata, bayan asuba

Na ce ba zan rubuta ba, amma hannuna ya sani. Har yanzu in na kai shi kusa da hanci ina jin abin, ko da yake Munira ta ce toka kawai take ji.

Litinin, 18 ga wata, la'asar

Na same shi shi kaɗai a zaure yana gyaran igiya. Na ce Yaya, maganar Bube. Bai ɗaga kai ba. Na ce mutumin nan bai yi kome ba, mu biyu mun sani.

"Mi munka sani, Biba? Misbahu da kainai ya ce abu da yawa na kashe kihi. Ke likita ce?"

Na ce ni ba likita ba ce, amma ina da hanci. Sai ya ajiye igiyar. Ya ce in furoje ya ji daga gidan farzidan abin ya fito, za su kwashe kayansu su kai wani gari, ga mutanen garin Sarkin Hausa can suna jira, shi ke nan garinmu ya yi asara har abada. Ya ce don jama'a yake yin shiru. Ya ce Bube na da ƙafa, shanu na da ƙafa, su tafiya ba ta yi musu wuya, mu kuwa ina za mu kai gonaki? Ya faɗi wannan da natsuwa, kamar mai karanta fatiha.

Da na miƙe zan fita ya ce:

"Kuma ki tuna, hannun wa ya daka, hannun wa ya watsa."

Wannan ne mutumin da ya goye ni a bayansa zuwa lakwal, makarantar boko, ranar da ƙaya ta soke ni. Na dube shi na ji kamar na taka wani abu a duhu da ƙafa ba takalmi.

Talata, 19 ga wata, hantsi

Ashe bai zubar da ragowar ba. Na shiga ƙaramin rumbu ɗaukar faifai, ga rabin buhu a kusurwa, an rufe shi da tabarma. Bayan duk abin da ya faru, bai iya zubarwa ba.

Laraba, 20 ga wata, azahar

Giriyaji ya iso a amalanke, naɗi huɗu. Ba a yi taro ba tukuna, amma har an auna mashaya da igiya an kafa turaku. Masu jardan na murna, don in ruga ta tashi gaɓar gabas tasu ce, ga taki shekara da shekaru a kwance. Ɗaya har ya fara cewa albasa zai sa. Na Allah kuwa ya dawo daga kasuwa da sabon takalmi. Ban ji an ce wani ya mutu a can ba, alhamdu lillahi, amma kullum in na ji moto ya tsaya sai gabana ya faɗi.

Kowa a garin nan ya sami abin da zai ci a cikin wannan mushe. Ni ma na samu: ɗakina da tuwona.

Alhamis, 21 ga wata, bayan magariba

Farar saniyar ta faɗi a hanyar rijiya. Ba ta tashi ba. Sun yanka ta kafin ta cika, ɗan maraƙin a ciki har ya yi gashi.

Juma'a, 22 ga wata, asuba

Ban je tabki ba.

Asabar, 23 ga wata, hantsi

Matar Bube ta aiko mini da nama a faifai. Na ce wa Munira ta dafa wa gida. Yaya ya ci, har ya ce naman ya yi taushi. Na tashi na fita bayan ɗaki na yi amai kusa da turmi.

Litinin, 25 ga wata, la'asar

Kwana biyu ina juya abin. In na tashi a taro na ce kaza da kaza, na san yadda za a yi. Mata a baya muke zama. Maigari zai ce Biba zauna, a bari maza su gama. Yaya zai yi murmushi ya ce tun rasuwar mijinta ba ta cika daidai ba. Wasu za su tausaya mini, a wuce wurin, a ɗaura giriyaji. Magana a garin nan ta mai babbar riga ce.

Na yi tunanin in kira Misbahu a waya in gaya masa a ɓoye. To sai me? Zai zo ya tambayi farzidan, farzidan ya rantse, rabin buhu ya ɓace kafin azahar. Ko da yake anya zai iya ɓatar da shi? Wannan ma ban sani ba.

Kuma in faɗi gaskiya a nan inda ba mai ji: tsoro nake. Ba ni da ɗa namiji, 'yata tana aure a Hawandawaki cikin gidan mutane. Shekarata hamsin da uku. In Yaya ya ce in fita, da wace ƙafa?

Laraba, 27 ga wata, hantsi

Ruwa ya fara komawa kore kaɗan-kaɗan. Bube bai daina aiko da buhun kashin shanu ba. An hana shanunsa sha, amma ya ce alkawari ya yi a ƙarƙashin kurna, ba a ce masa an warware ba. Ƙanensa ya kawo ya jefa ya juya, ba wanda ya ce masa sannu.

Juma'a, 29 ga wata, bayan la'asar

Gobe taro. Al'adarmu in an yi baƙi a taro, gidan shugaba ke fitar da akushi. Munira za ta yi shinkafa. Na ce mata ni ma zan yi nawa ɗan abu. Ta yi murna, ta ce ga shi na fara warkewa.

Na ɗebo tiya guda daga ƙaramin rumbu. A tsohuwar tukunya zan dafa, can bayan ɗaki, in na gama in fasa ta.

Asabar, 30 ga wata, bayan magariba

An yi.

Mutane sun cika ƙarƙashin kurna. Maigari da liman da Misbahu da Yaya a tabarmar gaba. Bube da mutum uku na ruga a gefe, cikin rana, ba wanda ya matsa ya ba su inuwa. Misbahu ya ce ruwan da ya kai bai nuna abu takamaimai ba, don an daɗe kafin a auna. Yaya ya tashi ya yi jawabi mai tsawo a kan amana da haɗin kai, har da ƙwalla a idonsa. Ya ce ba ƙiyayya ba ce, kariya ce ga dukiyar jama'a. Aka yi ta gyaɗa kai. Bube ya ce shi bai yi ba, aka ce to ai ba wanda zai ce ya yi. Maigari ya ce a ci abinci sannan a shafa fatiha a kafa giriyaji.

Munira ta ajiye shinkafa. Ni na biyo baya da akushin Iya, baƙin nan na itace, na durƙusa gaban Yaya na ajiye. Na ɗaga faifai.

Warin ne ya fara magana. Liman ya ja baya ya rufe hanci da rawani. Misbahu ya sunkuyo ya shaƙa, ya dube ni. Duk manomin da ke wurin ya san warin piya-piya kamar yadda ya san warin gidansa. Na Allah, don kwaɗayi, har ya miƙo hannu kafin ya ji, na buge hannun.

Na ce: "Kowa shi janye, wanga na Yaya ne. Yaya, kai ka ce abinci ba a zubda shi. Ga ragowar abin da kihi sunka ci ranar Talata biyar ga wata. Ni na daka, ni na watsa, kai ka ba ni. Bisimilla."

Ba wanda ya ce Biba zauna.

Yaya ya dubi waken. Na rantse da Allah na ga hannunsa ya motsa, kamar zai ci don kada a ce ya ƙi. Sannan ya mayar da shi cikin riga. Ya ɗauki faifai ya rufe akushin a hankali.

Abin da ya biyo baya shi ya ƙara tayar mini da zuciya. Nan take dattawa suka gano ashe ƙaddara ce. Kuskure ne, niyya mai kyau ce, Danda mutum ne mai tattali, a rufa wa juna asiri. Bakunan da suka yi mako uku suna cin naman Bube, da wanda ake faɗa da wanda aka dafa, duk suka koma wa'azin haƙuri. Maigari ya ce giriyaji a kewaye jardan da shi, mashaya ta zauna yadda take. Aka shafa. Ba mutum ɗaya da ya juya ya ce Bube yi haƙuri. Misbahu ne kaɗai ya tashi ya je ya ba shi hannu. Ya ce zai kai rahoto yadda abin yake, bai san abin da manyansa za su yanke ba, amma daga yau ba abin da zai shiga ruwa sai mutum uku sun gani, ɗaya daga ruga.

Lahadi, 1 ga Disamba, hantsi

Bai kore ni ba. Bai kuma yi mini magana ba. Munira ta ajiye mini koko a bakin ƙofa ta tafi ba sallama.

Da sassafe na hango shi bayan rumbu ya haƙa rami. Ya kawo rabin buhun da akushin, ya tsaya a bakin ramin har rana ta taso. Sannan ya juye. Wasu ƙwayoyi suka zube a gefe, ya sunkuya ya tsince su ɗaya-ɗaya, ya riƙe a hannu, kamar ya manta inda za su. Daga baya ya jefa su ciki ya rufe. Na so in ji tausayinsa. Kaɗan na ji.

Litinin, 2 ga Disamba, hantsi

Na je tabki da dusa tsantsa, Bube da mai jardan guda suka duba kafin in watsa. Shanu suka gangaro mashayar gabas da gudu, ƙasusuwan baya a waje, suka kafa kai ba su ɗago ba. An cire turakun.

Da mai jardan ya tafi na ce wa Bube ya yafe mini. Na yi tsammanin zai ce ba kome, don haka ake cewa. Ya juya ya dubi shanunsa.

"Malama, tun yaushe kika sani?"

Na ce tun ranar farko.

Ya gyaɗa kai. Ya kwance tsumman hannunsa ya sake ɗaurewa.

"Saniyar ran kwana na goma sha biyar ta hwaɗi."

Ya ɗauki sandarsa ya zagaya gabas. A hanyar gida na gamu da matarsa da ƙwarya a ka. Ta gaishe ni da kyau, ta tambayi kwanan gida, ta wuce ba ta sauke ba.

Ruwa kore. Biyu sun taso sun ci.